Wa Zai Buɗe Cikin Na'urar? Koyon Ƙira da Gyaran Kwamfuta Tsakanin Aji da Kasuwa

Da hantsi, kafin rana ta ƙwalle a titin Beirut da ke Kano, teburan masu gyara sun riga sun cika da kwamfutocin cinya, wasu a rufe suna jiran layi, wasu an kwance musu ciki. Wani ɗalibi ya iso da tasa a jakar goyo. Daren jiya tana aiki lafiya lau, aka kawo wuta da ƙarfi, ta ɗauke. Aikinsa na kammala karatu yana ciki.

A shagon farko an jona caja, an danna maɓalli, an cire batir an mayar, an gwada wani RAM. Shiru. Aka ce masa bod ne ya tafi, sai dai a sa wani, aka kuma faɗi kuɗin da ya kusa rabin farashin kwamfutar.

A shago na biyu maigidan bai yi dogon bayani ba. Ya fito da bod ɗin, wato faifan da aka dasa duk kayan cikin kwamfuta a kansa, ya ɗora masa mita. Layin da ke shigo da wutar caja ya haɗe da ƙasa. Ya saki 'yar wuta kaɗan a layin, ya ɗiga sifirit, ya zuba ido ya ga inda ya fara bushewa. Kafasita ce guda ɗaya, girmanta bai wuce ƙwayar gero ba. Ya ɗaga ta da iska mai zafi, ya dasa wata da ya ciro daga mataccen bod. Fanka ta juya.

Kayan aikin shagunan biyu kusan iri ɗaya ne. Na biyun ya san hanyar da wuta ke bi tun daga bakin caja har ta kai ga furosesa, ya san abin da ya kamata mita ta nuna a kowace mahaɗa. Irin wannan sanin ne ya yi ƙaranci a Arewa, a kasuwa da ma makaranta, a daidai lokacin da aka fi bukatarsa.

Me ya sa yanzu?

Shekaru goma baya, wanda kwamfutarsa ta mutu yana iya cije haƙori ya sayi wata. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 kafin shekara ta zagayo. Duk abin da ke da bod a cikinsa da dala yake shigowa, don haka gyara ya koma dole ga mutanen da a da suke ganin ɓata lokaci ne.

Na'urorin kuma sai ƙaruwa suke yi. Ga POS a bakin kowane layi, ga mitar wuta ta kati, ga inbata da na'urar daidaita cajin sola da suka cika gidaje da shaguna. An yi zaɓen 2023 da na'urar BVAS. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta, kuma a 'yan shekarun nan kusan ɗalibai miliyan biyu ke zama kowace shekara, a cibiyoyin da kowace ke ɗauke da ɗaruruwan kwamfutoci da dole su tashi lafiya da asuba. Injin awon jini a asibiti, injin ɗinkin zamani, har ƙwaƙwalwar mota da ke ba makanikai ciwon kai, kowanne da furosesa a cikinsa.

Ɗan guntun da ke ba da umarni

A 1971 kamfanin Intel na Amurka ya fitar da 4004, furosesa ta farko da aka tattara a guntun silikon guda aka kai kasuwa. Don na'urar lissafi ta wani kamfanin Japan mai suna Busicom aka yi ta, kuma tiransista wajen 2,300 ne a cikinta. Furosesar M1 da Apple ya fitar a 2020 tana da biliyan 16.

Duk da wannan tazara, aikin bai canza ba. Furosesa tana ɗauko umarni daga ma'adana, ta gane abin da ake nufi, ta aiwatar, ta koma ta ɗauko na gaba, bisa bugun wani agogo da ke cikin bod. Saurin bugun da yawan aikin da ake yi a kowane bugu ne suka bambanta.

Akwai kuma ƙanwarta, maikirokwantirola, wadda aka haɗa mata furosesa da ma'adana da ƙofofin shigar da saƙo da fitar da shi duk a guntu ɗaya. Ita ce a cikin inbata da rimot da injin wanki. Ba ta da ƙarfin furosesar kwamfuta, amma ba ta cin wuta, ba ta da tsada, kuma ita ce ainihin abin da mai koyo a Kano ko Zariya zai iya ƙera wani abu a kanta.

Ƙera tsari a kan furosesa yana nufin mutum ya zaɓi wadda ta dace da aikin, ya san yadda zai ba ta tsaftatacciyar wuta, ya haɗa ta da abin da zai jiyo mata zafi ko zurfin ruwa ko ƙarfin batir, ya haɗa ta da abin da za ta kunna ko ta kashe, sannan ya rubuta mata umarni. Rabin aikin lantarki ne, rabi manhaja. Wanda ya iya ɗaya kawai yakan tsaya a tsakiyar hanya.

Abin da ake yi a aji

A kwalejojin kimiyya da fasaha akwai kwas na injiniyancin kwamfuta a matakin ND da HND, ƙarƙashin manhajar hukumar NBTE, wadda aka kafa a 1977 kuma hedikwatarta ke Kaduna. Jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano su ma suna koyar da fannin. Ɗalibi yakan fara da ƙofofin lissafi na sifili da ɗaya, ya wuce tsarin furosesa, ya koyi rubuta umarni da yaren da na'ura ke ji kai tsaye.

A wurare da yawa, Intel 8085 ce malamar farko. An fitar da ita a 1976, ta girmi yawancin malaman da ke koyar da ita. Daga nan sai 8086 ta 1978, sai 8051 ta 1980, sai dangin PIC. Ɗalibai kan yi gunaguni cewa ana ɓata musu lokaci da kayan tarihi.

A nan kam malaman suna da gaskiya fiye da yadda ɗaliban suke zato. Umarnin 8085 ba su wuce tamanin ba, ƙafafunta arba'in, mutum zai iya riƙe tsarinta gaba ɗaya a kansa. Ba wanda zai iya yin haka da furosesar zamani. Wanda ya fahimci yadda 8085 ke aika adireshi ta karɓo bayani, ko yadda take dakatar da aiki idan saƙon gaggawa ya shigo, ya riga ya sami mabuɗin sauran.

Ciwon yana wajen yadda ake koyarwar. Sau da yawa a takarda ake rubuta umarnin, a takarda ake gyara shi, a takarda ake cin jarrabawa. Akwatunan gwaji ko dai sun lalace, ko sun yi kaɗan ga aji mai ɗalibai fiye da ɗari, ko babu wuta a ranar da aka tsara shiga ɗakin gwaji. Wani lokaci kayan suna nan sababbi ful a kwali, amma mai riƙe da makulli yana tsoron kada a lalata a tambaye shi. Sai a koma kan manhajar kwaikwayo irin Proteus, inda komai ke aiki sumul, domin a cikin sikirin waya ba ta saki, wuta ba ta rawa, kuma ba abin da ke ƙonewa.

Malamai na cewa ba za a ɗora musu laifin abin da ya fi ƙarfinsu ba: yawan ɗalibai, ƙarancin ƙwararrun masu kula da ɗakin gwaji, da kasafin da ke sayen manyan injuna amma ya manta da ƙananan kayan da ke ƙarewa kullum, irin su dalma da waya da rezista.

Akwai wani abin da kowa ya sani amma ba a cika faɗa a taro ba. Idan lokacin aikin kammala karatu ya zo, ɗalibai da dama kasuwa suke zuwa su biya a haɗa musu. Ƙofa mai buɗe kanta, fitilar hanya mai aiki da kanta, duk ana samunsu a shirye, har da rubutun. Wanda ya haɗa ba shi da takardar shaida, wanda ya karɓi takardar bai taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba. Wannan aikin ne kaɗai damar da tsarin ya tanadar wa ɗalibi ya ƙona abu da hannunsa ya gano dalili, ita ce kuma ake sayarwa.

Makarantar bakin titi

A Farm Centre da titin Beirut a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village ta Ikeja a Legas inda yawancin kayan ke fara sauka, wata makarantar ce daban. Uba ko yaya yakan kai yaro wurin maigida. Yaron zai fara da shara da aike, sai kwance sukurori, sai canza sikirin da batir da madannai, sai ɗora manhaja. Idan yana da kai kuma maigidan ba mai rowar ilimi ba ne, a kai shi ga mita.

Abin da wannan makarantar ke bayarwa ba a samunsa a aji. Hannu yakan saba da zafi, ido ya saba da ƙananan abubuwa, hanci ya san warin abin da ya ƙone. Yaron shago yana ganin matattun na'urori a wata guda fiye da waɗanda ɗalibi zai gani a shekaru huɗu. Yana kuma koyon abin da babu shi a manhaja: yadda ake magana da mai kaya da ransa ya ɓaci.

Manyan masu gyaran bod sun ƙara da karatun kansu. Suna sauke taswirar bod daga intanet, suna bin bidiyon masu gyara na Indiya da Pakistan da Sin a YouTube, sau da yawa ba tare da jin yaren ba, hannun mai aikin kawai suke kallo. Sun san cewa caja tana kawo bolt 19, kuma kafin a taɓa maɓalli dole a sami 3.3 da 5 a tsaye. Sun san sake rubuta BIOS da 'yar na'urar da ba ta da tsada.

Amma irin waɗannan tsiraru ne. Galibi abin da ake kira gyara canje ne: a cire wannan a gwada wancan har a dace. Akwai kuma al'adar gasa bod da iska mai zafi idan an rasa ta cewa. Wani lokaci kwamfutar takan farfaɗo ta yi mako biyu, sannan ta mutu mutuwar da ba ta da magani. Yaro ya ga maigida ya yi haka an biya shi, shi ma zai yi wa wani.

Lafiyar masu gyaran ma ba a magana a kanta. Suna yini a ɗan ƙaramin shago suna shaƙar hayaƙin liƙi, suna taɓa dalma su ci abinci ba tare da wanke hannu da sabulu ba.

Wani gefen kuma, mata da yawa ba sa sakin jiki su bar waya ko kwamfuta a hannun namijin da ba su sani ba, saboda hotuna da saƙonnin da ke ciki. Wannan kasuwa ce a buɗe ga mata masu gyara, kuma aiki ne da ake iya yi a tebur guda a cikin gida. Har yanzu kaɗan ne suka shiga.

Ƙura, zafi da wutar da ba ta da alƙawari

Yawancin na'urorin da muke amfani da su an tsara su ne da tunanin ofis mai sanyi da wuta tsayayya. Nan kuwa a watan Afrilu zafi yana haura digiri 40 a inuwa. Masana lantarki suna da wani ma'auni da suka daɗe da shi: duk ƙarin digiri goma yana rage rayuwar kafasita mai ruwa da rabi. Shi ya sa inbata da caja da akwatin wutar kwamfutar tebur suke mutuwa da wuri a hannunmu, mai kaya kuma ya ce an sayar masa da jabu.

Hunturu yana zuwa da nasa. Ƙura tana toshe fanka da hanyoyin iska, furosesa ta yi zafi ta rage gudu don kare kanta, mai ita ya ɗauka cuta ce ta shiga manhaja. Sau da yawa maganin bai wuce buroshi da sabon man sanyaya furosesa ba.

Sannan ga wutar da ke taruwa a jikin mutum idan iska ta bushe, wadda kan ɗan tsikare ka idan ka taɓa ƙofar mota. Mutum ba ya jin ta sai ta kai bolt dubu uku ko kusa da haka, alhali wasu kayan cikin bod abin da bai kai ɗari ba yana iya illata su. Mai gyara zai iya kashe abu da yatsarsa a watan Janairu bai sani ba. Abin ɗaurawa a hannu da ke sauke wannan wutar ba shi da tsada, amma da wuya ka gan shi a kasuwa.

Wutar gida kuma a takarda bolt 230 ce. A zahiri takan faɗi ƙasa sosai da yamma, ta dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, ga sauyi tsakaninta da janareta.

Ga mai gyara waɗannan su ne hanyar abinci. Ga mai ƙira kuwa su ne gatansa. Injiniyan da ke zaune a Shenzhen bai san yadda wuta ke yi a unguwar Kurna ta Kano da ƙarfe bakwai na dare ba. Wanda ya sani zai sa kariya daga hauhawar wuta tun a bakin shiga, ya zaɓi kafasita mai jure digiri 105 maimakon mai 85, ya kunna tsarin da ke sa maikirokwantirola ta dakata idan wuta ta yi ƙasa, da wanda ke sake tayar da ita idan ta daskare ba kowa a kusa. Waɗannan ƙananan shawarwari ne ke raba abin da zai yi aiki ranar baje koli da wanda zai yi shekara uku a gona.

Ba sai an gina masana'antar silikon ba

Lokaci zuwa lokaci akan ji ana cewa ya kamata Najeriya ta fara ƙera furosesa. Masana'anta guda ta zamani tana cin dala biliyan goma zuwa sama. Kamfanin TSMC na Taiwan, wanda Morris Chang ya kafa a 1987, shi ke yin fiye da rabin aikin da kamfanonin duniya ke bayarwa a ƙera musu, kuma injin da ke zana mafi ƙanƙantar tiransista kamfani ɗaya ne ke yin sa, ASML na ƙasar Holan. Ƙarancin guntayen silikon da aka yi daga 2020 zuwa 2022, wanda ya tsayar da masana'antun motoci a Turai da Amurka, ya nuna ko manyan ƙasashe a wannan fagen masu saye ne.

Ƙofar da ke buɗe mana tana mataki na gaba. Arduino, wanda aka fara a garin Ivrea na Italiya a 2005 don ɗaliban da ba injiniyoyi ba, ya sa kowa zai iya kunna fitila da umarnin da ya rubuta a rana ɗaya. ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai yana zuwa da Wi-Fi da Bluetooth a kan 'yan daloli. Raspberry Pi Pico ya fito a 2021 a kan dala huɗu. Manhajar zana bod ta KiCad kyauta ce, kuma kamfanonin Sin suna buga 'yan ƙwayoyi na gwaji da araha, kuɗin aikowa ne ma ya fi yawa.

Ayyukan kuma ba a nesa suke ba: abin da zai kashe famfo idan tanki ya cika ko rijiya ta ja baya, injin ƙyanƙyasar ƙwai mai riƙe zafi daidai, abin da zai hana batirin sola zuƙewa har ya lalace, mai sa ido kan sanyin firijin allurar rigakafi, mai buɗe ruwa da rufewa ga manoman rani.

Sai dai Arduino yana da tarkonsa. Sauƙinsa yana sa matashi ya kwafo umarni daga intanet, abu ya yi aiki, ya ɗauka ya iya. Tazarar da ke tsakanin wayoyi a warwatse a tebur da kayan da za a sa a akwati a sayar wa manomi tana da faɗi: zana bod, karanta takardar bayanin kowane ɓangare, gwaji a zafi, da lissafin farashin da zai iya gogayya da na Sin. Ga kuma jabun kayan haɗi da ke yawo a kasuwa da tambarin manyan kamfanoni. A wannan tazarar ce yawancin masu hazaƙa suke gajiya su koma sayar da waya.

Hukumomi na ta nasu

Shugaban NBTE, Farfesa Idris Bugaje, ya daɗe yana jan hankali kan sana'ar hannu, tun yana shugabantar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, inda ya nemi ƙulla kwalejin da masu sana'ar kasuwar Panteka. Hukumar tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ta ƙasa, NSQ, wanda ke auna abin da mutum ya iya yi da hannunsa ko da bai shiga aji ba. Idan tsarin ya kai ga teburan Farm Centre, mai kaya zai sami hanyar bambance mai gyara da mai canje. Wasu masu shaguna dai suna ɗari-ɗari, suna ganin duk rajistar da ta fito daga gwamnati haraji ne ke biye da ita.

Akwai kuma SIWES, watannin da ɗalibi ke fita koyon aiki. Da yawa ofis suke nema mai sanyi, inda za su ƙare da buga takardu. Watanni huɗu ko shida a gaban ƙwararren mai gyaran bod ko mai haɗa inbata sun fi amfani nesa ba kusa ba, in da makarantu za su tantance irin waɗannan shagunan su amince da su.

Shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023 don horar da matasa miliyan uku ya karkata ne ga manhaja, nazarin bayanai, tsaron intanet da makamantansu. Dalilin a fili yake: wannan ana koyar da shi daga nesa, gyaran na'ura da ƙirarta kuwa sai da tebur da mita da kayan da za a ƙona. Amma duk mai koyon manhaja a kan wata kwamfuta yake koyo, kuma yawancinsu na gwanjo ne.

Kayan da ke tafe

Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 yadda ya saba, kuma Windows 11 ba ya karɓar yawancin furosesoshin Intel da suka girmi zubi na takwas. Kamfanoni a Turai da Amurka suna sauke miliyoyin kwamfutoci masu lafiya, kuma wani kaso nasu Legas zai sauka, ya hau mota zuwa Kano, daga nan wasu su wuce Maraɗi da Damagaram.

Ba duka ne za su zo da rai ba. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi da abokan aikinta a tashoshin ruwan Legas a 2015 da 2016 ya gano ana shigo da wajen tan dubu sittin na kayan lantarki na hannu a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki, da yawansu a cushe cikin motocin gwanjo. Abin da ba a iya gyarawa ba hannun 'yan jari-bola yake ƙarewa, a ƙona waya don a ciro tagulla.

Zubin da zai biyo bayan wannan kuma ya fi wuyar sha'ani. A sababbin kwamfutocin cinya ana liƙe RAM a jikin bod, wasu har da ma'adanar bayanai, batir kuma da gam ake manne shi. Ramukan da mai canje ke cirewa ya mayar suna raguwa kowace shekara, kuma shagunan da suka fara sayen madubin ƙara girma da injin ɗaga guntu mai ɗaruruwan ƙafafu a ƙarƙashinsa su ne sauran shagunan layin suke turo wa aiki a ɓoye, su karɓa su miƙa wa mai kaya da sunan su suka gyara.